Mu Masu Rawar Kai: Yadda Muka Koyi Ɗaure Jirginmu

Jama'a masu karatu, musamman 'yan uwanmu Hausawa mazauna wannan ƙasa ta Benin, tun daga nan bakin Kwara har Kandi da Paraku da Jugu da Zangon Kwatano. A wannan wata muna roƙon ku yi mana afuwa, domin za mu yi abin da ba a san malamin makaranta da shi ba, wato tona asirin kansa a bainar jama'a. Mun daɗe muna jan ƙafa kan wannan rubutu, amma da muka dubi yawan yaran da ake duka kullum a gidaje da makarantu saboda wani hali da mu kanmu muke fama da shi, sai muka ga shirun namu ya fara zama laifi.

Tun muna yara a nan Garu aka san mu da rawar kai. A makarantar allo, kafin malam ya biya mana layi biyu mun riga mun bi tsuntsu da ido har ya ɓace bayan rumbu. A lakwal kuwa babu makon da ba mu ɓatar da biro ko kaye ba, wata rana ma da takalmi ƙafa ɗaya muka koma gida, kuma har yau ba mu san inda ɗayan ya shiga ba. Sunaye kam mun sha su: ɗan ƙiriniya, mai kunnen ƙashi, sarkin shiririta. Bulala mun sha, rubutu mun sha, kakarmu Allah Ya jiƙanta har turare ta yi mana, don a ganinta iska ce ta shafe mu a bakin kogi. Abin da ya fi ɗaure wa mahaifinmu kai shi ne, yaron nan da ba ya iya zama minti biyar gaban allo, in ya sami matacciyar rediyo sai ya wuni a kanta bai ci ba bai sha ba. Saboda haka ya yanke hukunci cewa da gangan muke yi. Mu ma haka muka ɗauka har muka girma.

Da ikon Allah muka lallaɓa muka gama makarantar horon malamai, yawancin karatunmu kuwa a daren jarrabawa muke yin sa, lokacin da tsoro ya kama mu. Mun shiga aiki bayan 2006, wato shekarar da gwamnati ta cire kuɗin makarantar firamare, azuzuwa suka cika suka batse. A gaban yara ba mu da wata matsala, hasali ma rawar kan nan ta yi mana rana, domin muna iya juya darasi daga Faransanci zuwa Hausa ko Dandanci cikin ƙiftawar ido, mu yi waƙa, mu yi tsalle, har mai gyangyaɗi ya farka. Wahalar tana bayan an tashi: duba kaye, cika rajista, shirya darasin gobe, kai wa darakta rahoto. Kaye sittin sai su taru su zama ɗari da ashirin, mu dube su su dube mu.

To, ranar da abin ya kai mu maƙura ita ce a shekarar da muka fara riƙe ajin ƙarshe, wato CM2. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san darajar takardar haihuwa. Yara da yawa a gida aka haife su ba a yi musu rajista ba, sai iyaye sun yi ta zirga-zirga, wasu har gaban alƙali, kafin su same ta, kuma ita ake nema in yaro zai zauna jarrabawar CEP. Muka tattara takardun yara 38 a jaka, muka hau babur zuwa Malanbil ranar kasuwa don mu yi kwafinsu. Muka zauna wurin mai shayi. Nan muka ji wani yana cinikin injin ban ruwa na albasa, muka tashi muka bi shi don mu gani, alhali ko kadada ba mu da ita. Daga nan muka haɗu da wani abokin karatu, daga nan muka sayi batirin tocila, muka kamo hanyar gida cikin nishaɗi. Sai bayan isha'i maiɗakinmu ta ce, "Malam, ina jakar da ka fita da ita?"

Jama'a, kwana biyu muka yi muna bin rumfunan kasuwar nan ɗaya bayan ɗaya, domin mun kasa tuna inda muka zauna. A cikin kwana biyun nan mun ga fuskar kowane uba da ya sayar da buhun shinkafa don ya samo wa ɗansa takarda. Da Allah Ya taimake mu muka dace da mai shayin, ya jawo jakar daga ƙarƙashin teburinsa ya ce, "Mushe, na san mai ita zai dawo, amma ban zaci sai ya kwana biyu ba."

A daren nan muka rantse mun shiryu. Muka ja layi a babbar takarda, muka tsara rayuwarmu daga ƙarfe biyar na asuba zuwa goma na dare, kowane rabin awa da aikinsa, muka manna a bango. Kwana tara ta yi tana aiki. Rana ta goma aka yi rasuwa a unguwa, tsarin safe ya rushe, da ya rushe kuwa sai muka ga ai ranar duk ta ɓaci, gobe ma haka, har takardar ta zama abin da muke kawar da kai in mun shigo ɗaki. Irin wannan takarda mun rubuta ta ya fi sau goma a cikin shekaru, kowace kuma in ta mutu sai ta bar mana kunya fiye da wadda ta tarar.

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗanmu na biyu ya taso da halinmu sak, kuma Allah Ya yafe mana, bulalar da aka yi mana ita muka ɗauka muka yi masa. A 2022, da abin ya ishi mahaifiyarsa, ta matsa muka kai shi wurin wani likita a Paraku, tafiyar sama da kilomita 300. Likita ya fara tambaya: yana yawan ɓatar da kaya? Yana fara aiki ya bari? Yana katse mutane cikin magana? Yana iya jiran layi? Kowace tambaya sai ta dube mu kafin ta amsa. Can dai ta kasa daurewa ta ce, "Likita, wanne daga cikinsu kake tambaya?" Aka yi dariya, amma likitan bai bar maganar nan ta wuce ba. Bayan ya gama da yaro ya ce mu ma mu dawo, ya yi mana tambayoyi tun daga ƙuruciya. A ranar muka fara jin cewa abin yana da suna: larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda a Faransanci ake taƙaita ta da TDAH, a Ingilishi kuma ADHD.

Ashe ba sabon abu ba ne. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotlan mai suna Alexander Crichton ya bayyana mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa kan abu ɗaya, a 1902 kuma wani likitan yara a Landan, George Still, ya gabatar da laccoci kan irin waɗannan yara. Sunan da ake amfani da shi yanzu a 1987 likitocin Amurka suka tsayar da shi. Wani babban nazari na 2007 da ya tattara bincike daga sassan duniya ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da larurar, wani kuma na 2020 kan ƙasashen Afirka ya sami kimanin 7 cikin 100. Wato ke nan a ajin yara sittin, da wuya a rasa uku. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma a cikin sababinta, sama da kashi 70 cikin 100. Tushen abin yana ga yadda sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, yake aiki da wasu sinadarai irin su dofamin. Shi wannan sashe shi ne mai tsara aiki, mai auna lokaci, mai ce wa mutum dakata. Hankalin yana nan, linzaminsa ne ba ya zama a hannun mai shi: abin da ke da daɗi ko sabo ko gaggawa shi ke jan sa. Nan ne muka fahimci sirrin matacciyar rediyo da karatun daren jarrabawa.

Sai dai mu ja kunnen masu karatu, ba kowane yaro mai kuzari ne ke da wannan larura ba. Likitoci ba su yanke hukunci sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun daɗe aƙalla wata shida, ana ganin su a wuri fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da rayuwar mutum. Yaron da ya zo lakwal da yunwa, ko bai sami barci ba, ko kunnensa ko idonsa na da rauni, ko wanda da Fillanci ya tashi aka zaunar da shi gaban Faransanci, duk za ka gan su kamar marasa natsuwa. Akwai magani da ake bayarwa, mafi shahara shi ne wanda ake kira Ritalin, kuma yana taimakon mutane da yawa, amma sai da takardar likita da kulawarsa. Mu dai a wuraren da muka nema ba mu same shi ba. Don Allah kada wani ya ji wannan ya je ya sayi ƙwaya a tire a kasuwa.

Tunda magani bai samu ba, sai dabara. Dabarar kuwa a bakin ruwa muka tsince ta. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, jama'a suka koma ƙetarawa da jirage. Wata rana da yamma mun raka baƙo bakin kogi, sai muka ga wani dattijo Basarke yana ɗaure jirginsa. Ya kafa turke ya buga shi da kyau, amma igiyar ya bar ta da tsawo tana lilo a ruwa. Muka ce, "Baba, me ya hana ka ja ta ta yi tamau?" Ya ce, "Haba Mushe, kai da ka yi karatu. Ruwan nan ba ya kwana inda ya wuni. In na ɗaure tamau ruwa ya ƙaru, igiya ta ja hancin jirgi ƙasa ya sha ruwa. In ya janye, ta tsinke. In kuma ban ɗaure ba, gobe sai dai in neme shi a Yawuri. Turke ake kafewa, igiya a ba ta hannu."

Duk hanyar komawa gida maganar nan muke juyawa. Kwara a nan wajenmu sau biyu take cika a shekara, da damina da kuma cikin hunturu in ruwan Gini ya iso, kuma babu Basarken da ya taɓa yin fushi da ita don haka. Mu kuwa kanmu yana cika yana janyewa sau goma a wuni, amma muna ta ɗaure shi da gajeruwar igiya. Ga yadda muka sake tsari, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Na farko, turakunmu su ne salloli biyar. Agogo ba ya yi mana magana, ladan kuwa yana yi, kuma ko mun so ko mun ƙi za mu miƙe. Saboda haka kowace salla muka rataya mata aiki ɗaya. Bayan asuba mu rubuta ayyukan ranar. Bayan azahar mu duba kaye goma. In an tashi daga lakwal da yamma, mu cika rajista kafin mu bar aji. Bayan magariba na iyali ne. Bayan isha'i mu shirya jakar gobe. Ba mu ce ƙarfe kaza ba, mun ce bayan kaza. Lokacin salla yana matsawa da rana, tsarin ma yana matsawa da shi.

Na biyu, mun daina amincewa da kanmu wajen ajiya. Wani masani ɗan Amurka, Russell Barkley, wanda ya shafe shekaru yana nazarin larurar, ya yi bayanin cewa matsalarmu tana wajen aikata abin da muka sani a daidai lokacin da ake bukata, don haka abin tunatarwa ya kamata ya fito daga cikin kai ya zauna a wurin da za a yi aikin. Muka buga ƙusa uku a bakin ƙofa: ta makullin babur, ta jaka, ta hula. Jaka ɗaya ce tak, mai igiyar ratayawa, kuma ba ta sauka daga kafaɗa a kasuwa ko wurin mai shayi. Kaye ɗaya ne na tunatarwa, domin da muna da biyar, kuma kullum wanda muke nema shi ne ba ya kusa. Takardun mutane kuwa ba su kwana a hannunmu in akwai akwatin darakta.

Na uku, aiki uku kawai muke rubutawa da alli a ƙaramin allo irin na 'yan aji ɗaya, mu jingine shi kusa da buta. Allon ba ya ɗaukar fiye da haka, wannan kuwa shi ne amfaninsa. Babban aiki kuma mukan yanka shi ƙanana. Kaye sittin dutse ne, amma goma kafin shayi ya huce abu ne mai yiwuwa. Sau da yawa a tsaye muke dubawa, mu zagaya gindin dogon yaro mu dawo mu ɗauki goma na gaba.

Na huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun lura in wani yana zaune kusa da mu yana nasa aikin, namu ma yana tafiya, ko da ba a ce uffan ba. Saboda haka muka ƙulla da wani abokin aiki muna duba kaye tare. Albashi in ya zo, a ranar muke zama da maiɗakinmu a raba shi: na hatsi, na makarantar yara, na adashi, na mai. Duk abin da ya haura jika biyar kuma ba mu sayen sa sai mun kwana a kan maganar. Injin ban ruwa nawa wannan doka ta raba mu da shi! Waya ma daga magariba zuwa isha'i a cikin kwanon uwargida take kwana da murfi.

Na biyar, kuma a nan ne sassaucin igiyar yake, tsarin namu riga uku gare shi. Akwai ta ranar lafiya, wadda muka bayyana. Akwai ta azumi da lokacin zafin Afrilu, inda aiki mai nauyi yake komawa bayan asuba. Akwai kuma ta ranar da ta ɓaci, ranar rasuwa ko zazzaɓi ko ambaliya ko ranar da kai ya ƙi kawai: a irin wannan rana abu ɗaya ake nema gare mu, mu rataye jaka a ƙusarta da kayan gobe a ciki. In mun yi wannan, ranar ta ci. Abin da ya wuce kuma ba ma bin kanmu bashinsa, salla ta gaba ita ce sabon farawa. Laraba da yamma da babu lakwal mukan zauna mu duba abin da ya daina aiki, domin irin kanmu in ya saba da abu sai ya daina ganin sa. Wani lokaci sauya launin alli ko matsar da allo zuwa wani lungu ya isa.

Kada mai karatu ya zaci mun warke. A watan jiya mun manta da sunan ɗan aminimmu sai da aka watse, ranar Juma'a kuma mun bar buta a kan wuta har ta ƙone. Wannan rubutu ma sau uku edita yana aiko mana. Amma yau shekara biyu ke nan ba mu kwana da bashin rajista ba, kuma ba mu sake ɓatar da takardar ɗan kowa ba.

A aji ma mun sauya hannu. Dokar kare yara ta 2015 ta hana dukan yara a ƙasar nan, amma gaskiya ita ce ba doka ce ta sauke mana bulala ba, sanin cewa mun sha ta shekara da shekaru ba ta ƙara mana natsuwar minti ɗaya ba. Yanzu mai rawar kai a gaba muke zaunar da shi, nesa da taga. Shi ne mai goge allo, mai raba kaye, mai ɗebo alli, don ya sami hanyar motsi ta halal. Umarni ɗaya ake ba shi a lokaci ɗaya, a tabbata ya dubi mai magana, in ya yi daidai a yaba masa nan take, domin alkawarin kyautar ƙarshen shekara ba ya isa kunnensa. Muna kuma sa ido kan 'yan mata masu shiru, waɗanda jikinsu ke aji hankalinsu na wani gari. Su ba su damun kowa, shi ya sa ake wuce su a ce ba su da ƙoƙari.

Ɗanmu yanzu yana da ƙusarsa a ƙarƙashin tamu da ƙaramin allonsa. Wata rana da dare ya ga mun shige ɗaki da jaka a kafaɗa, sai ya ce, "Baba, ƙusa." Muka dawo muka rataye. Mahaifiyarsa tana daga madafa ta ce ita dai ta gode Allah da ya zamana yanzu masu tsaron juna biyu ne, ta sami hutu.

Kiranmu ga iyaye da malaman allo da na lakwal shi ne, in kun ga yaro kullum ana dukan sa kan laifi ɗaya kuma ba ya sauyawa, ku tsaya ku bincika, in da hali ku kai shi ga likita. Ga manya irinmu kuwa, 'yan kasuwa da direbobi da matan gida da suka gaji da zagin kansu, ba mu ce ku kwafi tsarinmu ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku dubi abin da ba ya fashi a wuninku ku kafa turke a nan, sannan ku ba igiya hannu. Wanda ke da wata dabara da ta yi masa aiki, ya rubuto ta hannun edita don mu ƙaru da juna.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan iyayenmu da suka yi iya abin da suka sani. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, in kuma ba mu manta ba.